Nikolai Bernstein: Likitan da ya auna hannun mai guduma

An haifi Nikolai Bernstein a birnin Mosko na ƙasar Rasha a shekarar 1896. Mahaifinsa likitan masu taɓin hankali ne, shi ma ya bi sahunsa, ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Mosko a 1919.

A 1922 ya kama aiki a Babbar Cibiyar Nazarin Ƙwadago da Aleksei Gastev ya kafa domin horar da ma'aikatan masana'antu. A can ne ya riƙa ɗaura ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin hannun ma'aikaci, yana ɗaukar hoton motsinsu yayin da mutumin ke dukan ƙarfe da guduma. Hotunan sun nuna cewa kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu ba sa maimaita hanya ɗaya sau biyu, amma duk da haka gudumar tana sauka inda ake so.

Daga nan ya fahimci cewa jikin ɗan Adam yana da hanyoyin motsi fiye da abin da kowane aiki ke bukata. A ganinsa, ƙwarewa ita ce iya sarrafa wannan rarar, har gaɓoɓi su haɗa kai wajen cimma manufa guda.

Littafinsa na 1947 kan yadda motsi ke ginuwa ya samu Lambar Yabo ta Stalin. Sai dai ba a jima ba aka zarge shi da kauce wa koyarwar Ivan Pavlov da kuma fifita masanan ƙetare. Aka raba shi da ɗakin gwajinsa, ya koma yin nazari a gida. Ya rasu a watan Janairun 1966, shekara guda kafin ayyukansa su fito da Turanci.

Tambayar da ya bari ta sake tasowa a zamanin kwamfuta. Linzamin kwamfuta na yau da kullum fuska biyu yake tafiya, amma na'urorin sarrafa mutum-mutumi da na zane mai zurfi suna da shida: uku na matsawa, uku na juyawa. A 1998, Shumin Zhai da Paul Milgram suka fito da hanyar auna haɗin kan hannu a kan irin waɗannan na'urori. Suna kwatanta hanyar da mutum ya bi da mafi gajartar hanya, kuma yawan kewayen shi ke nuna gazawar mutumin ko ta na'urar.