Josef Albers

Josef Albers (19 ga Maris, 1888 – 25 ga Maris, 1976) mai zane ne kuma malamin zane, haifaffen ƙasar Jamus, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Amurka. An fi saninsa da koya wa ɗalibai yadda launi yake yaudarar ido, da yadda mai zane zai iya haddasa wannan ruɗin da gangan.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Bottrop da ke yammacin Jamus. Mahaifinsa mai fentin gidaje ne, yana kuma taɓa aikin kafinta. Albers ya koyar a makarantar firamare daga 1908 zuwa 1913, sannan ya tafi Berlin ya samu shaidar koyar da zane a 1915. A 1920, yana da shekara 32, ya shiga makarantar Bauhaus da ke Weimar a matsayin ɗalibi. Bayan shekara uku aka ba shi ajin sababbin ɗalibai. A 1925 ya auri Anni Fleischmann, wadda ta yi suna a fannin saƙa.

Hijira

A 1933 matsin gwamnatin Nazi ya sa aka rufe Bauhaus. Anni jinin Yahudawa ce, don haka zama a Jamus ya zame musu haɗari. A ƙarshen shekarar suka isa kwalejin Black Mountain a jihar North Carolina, Albers ko Turancin kirki ba ya ji. Ya koyar a can har 1949. Daga 1950 ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Yale, ya yi ritaya a 1958.

Salon koyarwarsa

Albers ba ya fara darasi da ƙa'idojin littafi. Sai ya ba ɗalibai aiki, su gano amsar da idonsu. Aikin da ya fi shahara shi ne a sa launi ɗaya ya zama kamar biyu. Ɗalibi zai yanko ƙananan takardu biyu daga takarda guda, ya ɗora ɗaya a kan fage mai duhu, ɗaya a kan mai haske. Ta kan duhun sai ta yi fayau, ɗayar kuma ta dushe, har mai kallo ya rantse ba iri ɗaya ba ne. Daga nan sai a juya aikin: a nemo launuka biyu mabambanta, a yi ta sauya musu fage har su zama kamar ɗaya. Wannan ya fi wuya ƙwarai.

Dalilin shi ne ido ba ya auna launi shi kaɗai, kwatanta shi yake yi da maƙwabcinsa. Masu ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zazzau sun san haka a aikace, domin zare guda daban yake fitowa a kan farin yadi, daban a kan mai shuni.

Ya fi son a yi aikin da takardu masu launi maimakon fenti, saboda takarda ba ta sauya kala, ba ta kuma nuna sawun burushi. Idan an ga bambanci, to daga ido yake. Akwai kuma aikin da ake jera takardu uku har a ga kamar ɗaya tana hango ta cikin ɗaya, alhali babu mai shara-shara a cikinsu.

Malami ne mai tsanani, kuma ba kowa ya ji daɗin ajinsa ba. Robert Rauschenberg ya sha suka a hannunsa, amma daga baya ya ɗauke shi a matsayin malamin da ya fi yi masa tasiri. Cikin ɗalibansa akwai Ruth Asawa da Eva Hesse, da Richard Anuszkiewicz wanda ya zama jigo a salon zanen ruɗin ido na shekarun 1960.

Ayyukansa

Wajen 1950 ya fara jerin zanen Homage to the Square, murabba'i uku ko huɗu, wani cikin wani. Ya yi sama da 1,000, yana rubuta sunayen fentin a bayan kowane allo. A 1963 Jami'ar Yale ta buga littafinsa Interaction of Color, wanda yawancin misalansa aikin ɗalibansa ne, kuma har yau ana koyarwa da shi a makarantun zane.

Rasuwa

A 1971 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya shirya baje kolin ayyukansa shi kaɗai. Ya mutu a New Haven a 1976. A 1983 aka buɗe gidan tarihi mai ɗauke da sunansa a Bottrop.