Charles de Foucauld, ɗan masu kuɗin da ya zaɓi talauci

An haifi Charles de Foucauld a Strasbourg, ƙasar Faransa, a 1858. Ya tashi maraya, ya gaji dukiyar kakansa, ya yi ta watsi da ita wajen shagali. Ibadar Musulmin da ya gani a Maroko ce ta girgiza shi, har a 1886 ya koma ga bangaskiyarsa ta Kirista, abin duniya ya fita ransa.

A 1905 ya zauna Tamanrasset cikin Abzinawa, yana rubuta ƙamus na harshensu. Da fari ya tsananta, ya rabar da abincinsa har ya kwanta ciwo. Makwabtansa talakawa ne suka ceto shi da nonon awaki. Kusancinsa da sojojin mulkin mallaka kuwa, har yau ana gardama a kansa.

An harbe shi ranar 1 ga Disamba 1916.