Yuhanna al-Armani, Mai Zanen Shahidan Ƙibɗawa

Yuhanna al-Armani ɗan asalin Armeniya ne da ya rayu a Alƙahira zamanin Daular Usmaniyya, ya rasu a 1786. Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa daga kundayen kotunan shari'ar Musulunci na birnin aka tsamo shi, inda Kiristoci ma kan rubuta cinikinsu da gadonsu. Ya yi aiki tare da Ibrahim al-Nasikh, suka ƙawata majami'un Tsohuwar Alƙahira da hotunan waliyyai.

Gwanintarsa ta fi bayyana a hoton Marƙuriyus, sojan Rum da aka kashe saboda addininsa a zamanin Sarki Desiyus. Ya zana shi bisa doki, riƙe da takuba biyu: ɗaya tasa ta soja, ɗaya kuwa wadda ruwaya ta ce mala'ika ya ba shi. Shi ya sa ake masa laƙabi da Abu Saifain. Ƙarƙashin kofaton dokin ga Sarki Yuliyanus a yashe, alhali sai a 363 ya mutu, fiye da ƙarni guda bayan shahidin. Da gangan ne: ga Ƙibɗawa, shahidi rayayye ne mai kāre jama'arsa, don haka Yuhanna bai nuna azabar da ya sha ba, nasararsa ya zana.