Hillel, Malamin da Ya Nema wa Talaka Hanya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 15:1-11, Matiyu 19:3-9

Ka san Gamaliyel, malamin da Manzo Bulus ya yi karatu a gabansa (Ayyukan Manzanni 22:3). Yau za mu dubi mutumin da Yahudawa suke ƙirgawa kakansa, wato Hillel. Ba za ka sami sunansa a Sabon Alkawari ba, amma wasu daga cikin tambayoyin da Farisiyawa suka kawo wa Ubangijinmu irin waɗanda ake muhawara a kansu ne a makarantarsa da ta abokin hamayyarsa Shammai.

An haifi Hillel a Babila, cikin zuriyar Yahudawan da suka zauna a can tun zamanin bauta. Ya zo Urushalima neman ilimin Shari'a, ya yi suna a zamanin sarki Hirudus. Labarinsa yana cikin Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, da kuma Talmud da ta biyo baya. Waɗannan ba hurarriyar Maganar Allah ba ce, saboda haka ka karanta su kamar yadda kake karanta tarihi.

Talaka ne fitik lokacin da ya zo. An ce rabin dinari yake samu a yini, ya ba mai gadin makaranta rabi, ya ciyar da iyalinsa da sauran. Wata Jumma'a a lokacin sanyi bai sami ko anini ba, mai gadi kuwa ya hana shi shiga. Sai ya hau rufin ɗakin, ya kwanta a bakin tagar da ke sama domin ya ji koyarwar Shemaya da Abtaliyon, manyan malaman lokacin. Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe shi. Da gari ya waye malaman suka ga ɗakin da duhu, suka ɗaga ido, sai ga siffar mutum. Ranar Asabar ce, ranar da ba a hura wuta, amma suka sauko da shi, suka wanke shi, suka shafa masa mai, suka ajiye shi kusa da wuta. Ina ganin darasin da ya fi shiga jikinsa ke nan a makarantar: mutanen da suka fi kowa tsoron karya Asabar sun ajiye ta gefe domin ran wani matalauci.

Abin da ya ɗaukaka shi tambaya ce ta aiki. Wata shekara jajiberen Idin Ƙetarewa ya faɗo ranar Asabar, shugabanni kuwa suka rasa ko ya halatta a yanka ragon idi a ranar. Aka kira Hillel. Ya nuna musu cewa hadayar kullum ana miƙa ta ko da Asabar, domin Littafin Ƙidaya ya ce a miƙa ta a kan lokacinta, kuma magana iri ɗaya aka yi game da ragon idi. Aka karɓa, aka naɗa shi shugaba. Nan take aka sake tambayarsa: wanda ya manta bai kai wuƙarsa Haikali tun kafin Asabar ba fa, tun da an hana ɗaukar kaya? Amsar ta ɓace masa, sai ya ce a bari a ga abin da jama'a za su yi. Da lokaci ya yi, mai ɗan rago ya soke wuƙa cikin gashin ragonsa, mai ɗan akuya ya maƙala ta tsakanin ƙahoni, dabbar ta ɗauki kayan da kanta. Da ya gani sai ya tuna haka malamansa suka koyar.

Yanzu mu zo kan karatunmu na yau, domin a nan ne aikinsa mafi girma yake. Allah ya umarta cewa a ƙarshen kowace shekara bakwai a yafe wa ɗan'uwa bashi. Doka ce ta jinƙai, don kada wani Ba'isra'ile ya mutu cikin bashi ya bar wa 'ya'yansa. Allah kuma ya san zuciyar mutum, shi ya sa a aya ta 9 ya yi gargaɗi kada kowa ya ƙi ba da rance don ya ga shekarar yafewa ta kusa. Abin da aka yi gargaɗi a kansa shi ne ya faru. Da shekara ta shida ta shigo, masu kuɗi sai su ɗaure bakin jaka. Manomin da ke neman iri, da gwauruwar da ke neman ɗan jari, su yi ta yawo ƙofa ƙofa ba mai ba su. Dokar da aka kafa domin talaka ta zama dalilin yunwarsa.

Ka sa kanka a wurin Hillel. Zai iya hawa mimbari ya la'anci marowata, ya koma gida da gaskiyarsa, talaka kuwa ya kwana da yunwa. Zai iya cewa dokar ta tsufa a jefar da ita, wannan kuwa ba zai taɓa yi ba. Sai ya kafa wata takarda da ake kira furosbul. Mai ba da rance zai je gaban alƙalai ya bayyana cewa ya danƙa bashinsa a hannun kotu, a rubuta, a sa hannu. Malamai sun fahimci cewa dokar ta hana mutum ne ya matsa wa ɗan'uwansa, ba ta yi maganar bashin da ke hannun kotu ba. Da haka bashin ya tsallake shekara ta bakwai, masu kuɗi suka sake buɗe hannu.

Wani zai ce ai wannan kewaye wa umarnin Allah ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Malaman Yahudawa na baya ma sun yi ta tambayar yadda aka yi Hillel ya sami wannan izini. A nawa gani, furosbul shaida ce a kan taurin zuciyar masu kuɗi, ba abin alfahari ba ne. Da sun yi biyayya ga aya ta 9 da ba a bukaci takarda ba. Amma ka lura da wanda Hillel yake kallo lokacin da yake yanke hukunci: mutumin da ke tsaye a ƙofa yana neman rance. Kai ma watakila akwai ɗan'uwa a ikkilisiya da ka daina amsa gaisuwarsa da fara'a don ka san me zai roƙa, kana kuma da ayar da kake kāre kanka da ita.

Haka ya yi game da gidaje. Littafin Firistoci 25:29-30 ya ba wanda ya sayar da gida a birni mai garu shekara guda ya fanshe shi, in ta wuce gidan ya zama na mai saye har abada. Sai masu saye suka koyi ɓuya a ranar ƙarshe, don mai gida ya rasa wanda zai miƙa wa kuɗin. Hillel ya yanke cewa mai gida ya ajiye kuɗin a ma'ajin Haikali, ya ɓalle ƙofa ya shiga gidansa, mai saye ya zo ya ɗauki kuɗinsa duk ranar da ya ga dama.

An kuma san shi da haƙuri. Wani Ba'al'umme ya je wurin Shammai ya ce a koya masa dukan Shari'a yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, Shammai ya kore shi da sandan awo na magina. Hillel ya karɓe shi, ya taƙaita masa ita a kan cewa kada ya yi wa wani abin da ba ya so a yi masa, ya kuma aike shi ya je ya koyi sauran. Ka gwada wannan da Matiyu 7:12, za ka ga Yesu bai tsaya kan barin mugunta kaɗai ba, ya aike mu mu fara yin alherin.

Sai dai sauƙaƙawa tana da ramin da take faɗawa. A kan Maimaitawar Shari'a 24:1, makarantar Shammai ta koyar cewa ba a sakin mace sai don lalata, makarantar Hillel kuwa ta yarda a sake ta ko don ta ɓata abinci ne. A nan sauƙin ya tafi wurin mai ƙarfi, wato mijin, matar kuwa ita ce ta fita da kayanta a ka. Wannan gardama ce ke bayan tambayar da Farisiyawa suka yi wa Yesu a Matiyu 19, ko ya halatta a saki mace a kan kowane dalili. Ubangiji bai shiga jayayya a kan kalma ɗaya ba. Ya komar da su Farawa, ga nufin Allah tun da ya halicci namiji da mace, ya kuma gaya musu cewa taurin zuciyarsu ne ya sa Musa ya ba da wannan dama. Yesun da ya warkar da marasa lafiya ranar Asabar shi ne ya ƙi sassauta aure, kuma a wurare biyun wanda aka kāre shi ne mara ƙarfi. Idan ka sami kanka kana murna da wata fassara ta Nassi, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka wa za ta amfana, da kuma wa zai biya kuɗinta.

Hillel ya rasu wajen shekara ta 10 bayan haihuwar Almasihu, lokacin Yesu yana saurayi a Nazarat. Shugabancin malamai ya daɗe a gidansa, kuma Yahuda, wanda ya tattara Mishna, daga zuriyarsa yake. A yawancin gardamomi hukuncin makarantarsa ne Yahudawa suka bi. Ranar da majalisa ta fusata tana neman kashe Bitrus da sauran manzanni, jikansa Gamaliyel ne ya miƙe ya sa aka fitar da su waje, ya shawarci majalisar ta bar su, kada ta tarar tana yaƙi da Allah (Ayyukan Manzanni 5:33-40). Aka yi wa manzannin bulala, aka sake su, suka koma wa'azi a Haikali da gida gida.