Sa'adu Zungur, malamin da ya gargaɗi sarakuna

Duk lokacin da gardama ta taso kan matsayin sarakuna a mulkin dimokuraɗiyya, sunan Malam Sa'adu Zungur kan dawo bakin masana. Ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya sha karatun addini, ya kuma bi na boko har Kwalejin Yaba da ke Legas. A shekarun 1940 shi da Malam Aminu Kano suka raya zauren muhawara a Bauchi, daga bisani ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC. A waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna su gyara mulkinsu tun kafin zamani ya juya musu baya. Ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, saura shekara biyu Najeriya ta samu 'yancin kai.