Madhubala: Tauraruwar Indiya da ake kwatantawa da Marilyn Monroe

An haifi Madhubala a Delhi ranar 14 ga Fabrairun 1933, kuma sunanta na yanka Mumtaz Jehan. Talauci ne ya kai ta harkar fim tana 'yar shekara 9, ta zama mai ciyar da gidansu.

Fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 ne ya dawwamar da sunanta. Har gobe mata na ɗinka doguwar riga mai baɗewa, wadda ake kira Anarkali, sunan da ta fito da shi a fim ɗin.

Ana yawan kwatanta ta da Marilyn Monroe ta Amurka, mai farar rigar nan da iska ke ɗagawa. Dukansu sun rasu suna da shekara 36.

Ciwon zuciyar da aka haife ta da shi ya kwantar da ita shekaru, kafin ya zama ajalinta ranar 23 ga Fabrairun 1969.