Farank Witil da injin da ke tari

A kasuwar Kelle, mai injin niƙa yakan gane lafiyar injinsa da kunne. In ƙara ta sake, sai ya kashe shi ya duba. Masu injin jirgin sama ma haka suke.

An haifi Farank Witil a garin Kobantiri, ƙasar Ingila, a 1907. Ubansa makanike ne. Yaron ya so shiga sojan sama, amma sau biyu ana korarsa don gajarta. A 1923 aka karɓe shi.

A lokacin nan jirage da farfela suke tashi. Witil ya yi tunanin wani inji dabam. A gabansa akwai wata fanka mai zuƙar iska ta matse ta, kamar zugazugin maƙeri. Sai a zuba kananzir cikin iskar, a kunna. Hucin da ke fita ta baya shi ke tura jirgi, shi ke kuma juya fankar.

A 1930 ya yi rajistar dabararsa. Manya ba su kula ba. A 1935 rajistar ta mutu don ya rasa fam 5 na sabuntawa.

Ran 12 ga Afrilu 1937 ya tada injinsa na farko. Injin ya yi ta ƙara gudu, yana kururuwa, ya ƙi tsayawa. Ma'aikata suka watse. Ashe mai ne ya taru a ciki. Ran 15 ga Mayu 1941 jirgi ya tashi da injin Witil.

Amma wahala ba ta ƙare ba. Babban injin da ya biyo baya ya kama tari. In fanka ta kasa tura iska gaba, sai iskar ta juyo baya da ƙarfi, a ji bam! kamar bindiga. Wuta na iya mutuwa, fikafikan fanka na iya karyewa, ga matuƙi a sama. Witil da abokansa suka yi ta gyaran hanyar iskar. Aikin ya ci lafiyarsa, har ya kwanta asibiti. A 1944 sojan Ingila suka fara aiki da jiragen.

Ya rasu a Amurka a 1996. Irin injinsa na ba da lantarki kuma. Yau injiniyoyi kan sa makirfo kusa da fankar, kwamfuta na saurare. Tana iya jin ƴar gurnanin da ke riga tari zuwa, wadda kunnen mutum ba ya kamawa.